Tsakanin Kulki da Bindiga: Sharhi kan Makaman Kwantar da Tarzoma da Dabarun Amfani da Su

A ranar 9 ga Mayu, 2001, manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu na Ghana, Hearts of Oak da Asante Kotoko, suka kara a babban filin wasa na Accra. Kotoko ce ke gaba, sai Hearts ta zura ƙwallaye biyu a kusa da tashi ta juya sakamakon, magoya bayan Kotoko kuwa suka fusata, suka shiga ɓalle kujerun roba suna wurgawa cikin fili. 'Yan sanda suka mayar da martani da barkonon tsohuwa, suka harba shi cikin rumfunan 'yan kallo. Dubban mutane suka yunƙura lokaci guda domin su tsere wa hayaƙin, suka iske ƙofofin fita a rufe, na baya suna danno na gaba a kan matakala. Mutum 126 ne suka rasu, kuma matsi da rashin numfashi ne suka kashe su. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa a ƙarƙashin Sam Okudzeto ya ɗora kaso mafi tsoka na laifin a kan 'yan sanda, ya ce martaninsu ya wuce kima.

Duk lokacin da aka yi zanga-zanga aka rasa rayuka, muhawara takan tsaya a kan tambaya ɗaya, wato an harba harsashin gaske ko ba a harba ba. Rundunar 'yan sanda ta fito ta ce barkonon tsohuwa kawai jami'anta suka yi amfani da shi, kamar dai wannan magana ta wanke su sarai, masu zanga-zanga kuma su tashi neman kwanson harsashi domin su ƙaryata ta. Tambayar tana da muhimmanci, amma ba ita kaɗai ba ce. Kayan da ake ba 'yan sandan kwantar da tarzoma, daga hayaƙi zuwa harsashin roba da motar feshin ruwa, an ƙera su ne bisa wasu sharuɗɗa, kuma da zarar an saɓa sharaɗin sai su koma makaman kisa kamar kowane makami. Abin da ke raba tarwatsa taro da kashe mutane shi ne tazarar da ke tsakanin mai harbi da wanda aka harba, da ko an bar wa jama'a hanyar fita, da kuma wanda ya ba da umarni da dalilin da ya sa ya bayar.

Barkonon tsohuwa shi ne aka fi sani, don haka ya kamata a ɗan tsaya a kansa. Sinadarin da ya fi yawa a gwangwanayen da ake harbawa a yau shi ne wanda ake kira CS, wanda wasu masana kimiyya biyu 'yan Amurka, Ben Corson da Roger Stoughton, suka haɗa a 1928. A asalinsa farin gari ne, ba iska ba. A cikin gwangwanin akwai abin da ke ci da wuta, zafin ne ke watsa garin ya tashi tare da hayaƙi, sai ƙananan ƙwayoyinsa su manne a duk inda jiki ke da danshi: ido, hanci, maƙogwaro, da fatar da ta yi gumi. A nan suke tayar da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Cikin ƙasa da minti ɗaya ido ya rufe da kansa, hawaye da majina su kwararo, ƙirji ya ɗaure, mutum ya ji kamar numfashinsa zai ɗauke. Ga mai lafiya da ya samu ya fita inda iska ke kaɗawa, yawanci abin yakan lafa cikin rabin sa'a. Matasa da yawa a wurinmu kan jiƙa ƙyalle da kananzir su toshe hanci da shi, alhali kananzir ɗin ma cutar da huhu yake yi. Abin da likitoci suka sani yana taimako shi ne barin wurin, wanke ido da ruwa mai tsabta da yawa, da cire tufafin da garin ya kama.

Tarihin wannan makami yana da wani abin mamaki. A fagen yaƙi ya fara, domin sojojin Faransa sun yi amfani da gurneti masu sa hawaye tun 1914, a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan yaƙin, jami'an sashen makamai masu guba na sojan Amurka da kamfanonin da suka saba sayar musu suka shiga tallata shi ga 'yan sanda a matsayin maganin yajin aiki da bore, har a 1932 aka watsa shi a kan tsofaffin sojojin da suka yi sansani a Washington suna neman haƙƙinsu. Birtaniya ta inganta CS a shekarun 1950, ta gwada shi a Cyprus lokacin tana mulkin mallaka a can, sannan ta harba shi a Derry ta Ireland ta Arewa a watan Agustan 1969. Yarjejeniyar haramta makamai masu guba ta 1993, wadda ta fara aiki a 1997, ta hana amfani da shi a matsayin makamin yaƙi, amma ta bar wa gwamnatoci damar amfani da shi a kan 'yan ƙasarsu domin tabbatar da doka. Mutane kan yi mamakin yadda abin da aka hana yi wa sojan abokan gaba ya halatta a kan ɗalibai da 'yan kasuwa. Dalilin da aka bayar yana da ma'ana a wurinsa: a fagen daga soja ba zai iya bambance hayaƙi mai sa hawaye da guba mai kisa ba, don haka zai iya ramawa da mafi muni, kuma an ga yadda a Vietnam aka riƙa amfani da shi wajen fito da mutane daga ramuka domin a same su da harsashi ko bam. Amma wannan dalili bai ce komai ba game da lafiyar wanda ya shaƙa a kan titi.

Hikimar hayaƙin gaba ɗaya ta dogara ne a kan abu guda, wato mutum ya ji zafi ya gudu. Idan babu inda zai gudu, to hikimar ta rushe, abin da ya rage azaba ce kawai, da turmutsitsi. Abin da ya faru ke nan a filin wasa na Kanjuruhan da ke Malang a Indonesiya ranar 1 ga Oktoba, 2022, inda mutum 135 suka mutu bayan an harba hayaƙi cikin rumfunan 'yan kallo, duk da cewa ƙa'idojin FIFA sun hana shiga da shi filin wasa. A Masar kuma, a watan Agustan 2013, fursunoni 37 suka mutu a cikin motar 'yan sanda a harabar kurkukun Abu Zaabal bayan an jefa musu hayaƙi motar tana kulle. Wanda ya san tsarin tsofaffin unguwanninmu zai gane inda haɗarin yake. Lungu a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina wani lokaci bai fi mutum biyu su gifta juna ba, katangu dogaye ne, iska ba ta ratsawa, ɗakuna kuma tagoginsu ƙanana. Gwangwani ɗaya da aka cilla wa matasan da suka shige lungu zai iya faɗawa tsakar gida inda mai jego take da jariri, ko ɗakin dattijo mai ciwon asma, mutanen da ba su san ma me ake yi a bakin titi ba. Hayaƙi ba ya tambayar wanda ya yi jifa, kan mai uwa da wabi yake yi, kuma iska ce ke zaɓa masa hanya, ba kwamanda ba.

Sai kuma gwangwanin kansa, wanda ba a cika magana a kansa ba. Ƙarfe ne mai nauyi da zafi, ana harba shi daga bindiga mai faɗin baki, kuma ƙa'ida ita ce a ɗaga bakin bindigar sama ya yi lanƙwasa ya sauka a ƙasa kusa da taro. Idan aka miƙe ta aka saita mutum, ya zama harsashi. A Bagadaza, a zanga-zangar da ta ɓarke a watan Oktoban 2019, ƙungiyar Amnesty International ta tattara shaidar yadda wasu gurnetin hayaƙi na soja, waɗanda suka ninka na 'yan sanda nauyi sau da yawa, suka riƙa fasa ƙoƙon kan matasa suna maƙalewa a ciki. A Marseille ta Faransa, a watan Disambar 2018, wata dattijuwa mai shekara 80, Zineb Redouane, ta je rufe tagar gidanta da ke saman bene saboda hayaƙi, gurneti ya same ta a fuska, ta rasu a asibiti washegari. A Chile, Fabiola Campillai tana kan hanyarta ta zuwa aiki ne a watan Nuwamban 2019 lokacin da gwangwani ya same ta a fuska, ta rasa idanunta biyu. Daga baya, a 2021, aka zaɓe ta sanata.

Harsashin roba yana da matsalar da babu injiniyan da ya warware ta har yau. Ana son abin da zai bugi mutum ya ji zafi ya ja da baya ba tare da ya huda jikinsa ba. Daga kusa, ƙarfinsa ya isa ya fasa ƙashin kai ko ya tsayar da zuciya. Daga nesa kuma ƙarfin ya ragu, amma saiti ya lalace, domin harsashin babba ne, yana juyawa a iska, sai a nufi cinyar wanda ke jifa a sami idon yarinyar da ke tsaye a gefe. Tazarar da abin yake da sauƙin haɗari kuma yake samun inda aka nufa 'yar kaɗan ce, taron mutane kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya ya jira a auna shi. Turawan Birtaniya sun fara da harsashin katako a Hong Kong, suka kawo na roba Ireland ta Arewa a 1970, suka maye gurbinsa da na filastik bayan 'yan shekaru, kuma zuwa 1989 waɗannan harsasai sun kashe mutum 17 a can, takwas daga cikinsu yara ne. Wani nazari da Rohini Haar da abokan aikinta suka buga a mujallar likitoci ta BMJ Open a 2017, wanda ya tattara rahotannin asibiti na shekaru da dama daga ƙasashe daban-daban, ya ƙirga mutum 1,984 da irin waɗannan harsasai suka raunata. 53 sun mutu, 300 kuma sun nakasa har abada, akasarinsu ta hanyar rasa ido.

Mafi muni a cikin wannan rukuni shi ne harsashin da ke tarwatsewa ya zama ƙananan ƙwayoyi masu yawa, irin na bindigar farauta, domin shi ba a ma yin maganar saiti. Da shi jami'an tsaron Indiya suka lalata idanun ɗaruruwan mutane a Kashmir a 2016. Da shi kuma 'yan sandan Chile suka fuskanci zanga-zangar da ta fara a watan Oktoban 2019, inda hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar ta ƙirga sama da mutum 400 da suka ji rauni a ido cikin 'yan watanni. Hukuma ta ce ƙwayoyin na roba ne, sai masana a Jami'ar Chile suka gwada su suka gano cewa roba kashi 20 cikin ɗari ce kawai, sauran sinadarai ne masu tauri da nauyi, har da dalma. Wannan ya nuna wani gibi: ɗan sandan da ke riƙe da bindigar sau da yawa bai san abin da ke cikin harsashin da aka ba shi ba, wanda ya sayo shi ma ba lallai ne ya gwada ba.

Motar feshin ruwa, wadda mutanenmu suka fi sani da motar ruwan zafi, tana da sauƙi idan aka kwatanta, amma ita ma ta makantar da wani dattijo, Dietrich Wagner, a Stuttgart ta Jamus a 2010, ta kuma kayar da manomi Baek Nam-gi a Seoul a 2015, wanda ya kwanta bai farfaɗo ba har ya rasu a shekarar da ta biyo. Kulki da garkuwa su ne mafi tsufa, kuma suna da wata fa'ida da sauran ba su da ita: mai kulki yana ganin wanda yake duka. Sharrinsu yana fitowa ne bayan taro ya watse, lokacin da jami'ai huɗu ko biyar suka rufe mutum ɗaya da ya riga ya faɗi suna yi masa dukan kawo wuƙa, abin da ba shi da alaƙa da kwantar da tarzoma sai huce haushi.

Makami dai rabin magana ne, sauran rabin dabara ce. Manyan dabarun ba su da yawa. Akwai jan layi da garkuwa domin a tsare wani gini ko a raba ɓangarori biyu. Akwai tura taro gaba a hankali zuwa wata hanya da aka tanada. Akwai aika ƙaramin rukuni ya kutsa ya cafko wanda ke jifa ko cinna wuta ya fito da shi. Akwai kuma zobe, inda ake kewaye mutane a hana su fita na tsawon sa'o'i har su gaji, kamar yadda 'yan sandan Landan suka yi wa dubban mutane a Oxford Circus ranar 1 ga Mayu, 2001, na kimanin sa'a bakwai, har da masu wucewa da ba ruwansu. Kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta yanke a 2012 cewa a wancan yanayin ba a keta doka ba, amma har yanzu ana jayayya a kan dabarar. Abin da ya fi dabarun kansu muhimmanci shi ne tunanin da ke bayansu game da mene ne taron jama'a.

Tsohon tunani, wanda Bafaranshe Gustave Le Bon ya yaɗa tun 1895, shi ne cewa mutum idan ya shiga taro hankalinsa yakan gushe, ya zama ɓangaren wata halitta mai kai ɗaya wadda ba ta jin magana sai ƙarfi. Wannan tunani ya daɗe a makarantun horar da 'yan sanda, kuma yana da daɗi ga mai mulki domin ya ɗauke masa nauyin tambayar abin da ya fito da mutane. Masana halayyar jama'a na baya-bayan nan, musamman Stephen Reicher da Clifford Stott a Birtaniya, sun bi tarzoma da dama suna lura, suka ga abin ba haka yake ba. Taro yakan fara ne a matsayin tarkacen ƙungiyoyi masu niyya daban-daban: ga ɗalibai da kwalaye, ga 'yan ƙwadago, ga iyaye mata, ga 'yan kallo, ga kuma 'yan tsiraru masu neman rigima ko ganima. A farko yawancin mutane ba sa tare da masu jifa, har sukan tsawata musu. Amma idan mutum goma suka yi jifa aka mayar wa mutum dubu biyar da hayaƙi, to an shaida wa dubu biyar ɗin cewa a idon hukuma duk ɗaya suke, sai wanda ɗazu yake cewa a bari ya koma yana miƙa wa mai jifa dutse. Ta haka 'yan sanda ke ƙera da hannunsu irin taron da suka zo suna tsoro.

An gwada wannan fahimta a aikace. A gasar cin kofin nahiyar Turai ta 2004 a Portugal, rundunar 'yan sandan da ke kula da manyan birane ta karɓi shawarar Stott: ta sa jami'ai cikin kayan aiki na yau da kullum su shiga cikin magoya baya suna hira da su, ta ɓoye masu hular kwano da garkuwa a kusa amma ba a gani, ta kuma riƙa ɗauke mai tayar da fitina shi kaɗai tun kafin abin ya girma. A biranen da aka bi wannan tsari kusan ba a sami tarzoma ba, duk da mummunan sunan da magoya bayan Ingila suka yi a lokacin, sai a Albufeira, inda wata runduna dabam ke aiki da tsohon salo, a can aka yi arangama. Sweden ma, bayan 'yan sandanta sun harbi mutum uku a rikicin taron ƙolin Tarayyar Turai a Gothenburg a 2001, ta kafa sashe na musamman wanda aikinsa tattaunawa da masu shirya zanga-zanga kafin ranar da kuma a ranar. Ba wai waɗannan ƙasashe sun daina kuskure ba ne, amma sun karɓi cewa lasifika da lambar wayar shugaban masu zanga-zanga kayan aiki ne kamar garkuwa.

Dokokin duniya a kan wannan batu a fili suke. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 sun ce taron da ya saɓa doka amma babu tashin hankali a cikinsa a guji amfani da ƙarfi a kansa, kuma ba a harba bindiga sai domin kare rai daga barazanar mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da faruwa. Jagorar da ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar ya fitar a 2020 ta ƙara fayyacewa: harsashin roba a nufi ƙasan ciki ko ƙafafun mutum ɗaya da ke yin ta'adi, ba a watsa shi cikin taro, kada a harba gwangwanin hayaƙi kai tsaye a kan mutum, kada a yi amfani da hayaƙi a rufaffen wuri, ƙwayoyin ƙarfe kuwa ba su da gurbi sam. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka ita ma ta fitar da nata ƙa'idojin a 2017.

Idan aka dawo Najeriya, sai a ga cewa matsalar ta fi tsufa da makaman. Rundunar da Turawa suka kafa an gina ta ne domin tsare mulki da karɓar haraji, ba domin raka talaka ya kai kukansa ba. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 da ke yajin aiki a Iva Valley kusa da Enugu. Bayan samun 'yanci aka kafa rundunar mobal a farkon shekarun 1960 a matsayin sashen kwantar da tarzoma, amma a hankali ta koma rabin soja, ana tura ta yaƙi da 'yan fashi da gadin manya. A watan Afrilun 1980 ita aka tura wa manoman Bakolori da suka tare hanyoyi suna neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye, aka kashe mutane, har yau kuma adadin da hukuma ta faɗa da wanda mutanen yankin ke faɗa sun yi hannun riga. A watan Mayun 1986 aka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. Tsohon umarnin 'yan sanda mai lamba 237 ya ba da damar harbin masu tarzoma, har da cewa a ware jagororinsu a harbe su, kuma sai a 2019 aka sake masa fasali domin ya dace da ƙa'idojin duniya. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya tabbatar da 'yancin rayuwa, shi ma ya bar ƙofa a buɗe ga kisan da aka yi wajen murƙushe tarzoma.

A ɓangaren 'yancin taro kuwa an sami ci gaba, kuma daga Kano labarin ya taso. A watan Satumban 2003 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa a gangamin jam'iyyar ANPP a Kano bisa hujjar cewa ba a sami izini ba. Chuba Okadigbo, tsohon shugaban majalisar dattawa wanda ya yi wa Muhammadu Buhari mataimaki a takarar shekarar, yana wurin, kuma ya rasu 'yan kwanaki bayan haka, abin da makusantansa suka danganta da hayaƙin da ya shaƙa. Jam'iyyun adawa suka garzaya kotu, a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa tilasta wa 'yan ƙasa neman izinin 'yan sanda kafin su yi taro ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙara da cewa aikinsu ne su ba da tsaro ga masu gangami. A takarda ke nan. A kan titi, har yanzu sanarwar kwamishina cewa an hana zanga-zanga ta fi hukuncin kotu ƙarfi.

Zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon watan Agustan 2024 ta nuna inda aka kwana. Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Kano, Jigawa, Katsina, Kaduna, Neja da Borno, an kuma kama fiye da 1,200. Gaskiya ne cewa a Kano an fasa wurare an kwashi kaya, ciki har da cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, har gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta sa'a 24. Ɓata-gari da 'yan daba sun shiga rigar masu zanga-zanga, wannan ba abin musu ba ne. Amma irin wannan yanayi shi ne ainihin inda ake bukatar rarrabewa, a tsare gine-ginen da aka san za a nufa tun kafin gari ya waye, a bar masu kwalaye su yi tattakinsu da rakiya, a tura rukuni na musamman ga masu fasa shaguna. Mai ɗauke da kujerar ofis da ya sato ɓarawo ne da ya cancanci kamu da gurfana gaban alƙali, amma ba barazana ce ga ran kowa ba, don haka doka ba ta ba da jininsa ba.

Adalci ya sa a dubi abin ta idon ƙaramin jami'in da ke kan layi. An kwaso shi daga caji ofis ko daga shingen hanya, wataƙila ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba, su ashirin ne a gaban mutum dubu uku, duwatsu suna sauka, ba shi da hular kwano mai kyau, ba shi da garkuwa, ba shi da rediyon da zai ji umarni, kuma ya san an taɓa kashe 'yan'uwansa an ƙona ofisoshinsu, kamar yadda aka yi a wurare da dama bayan zanga-zangar EndSARS a 2020. A hannunsa akwai AK-47, bindigar yaƙi wadda harsashinta ke ratsa ƙofar ƙarfe ya sami wanda ke cikin gida. Idan gwangwanayen hayaƙin da aka ba su suka ƙare, babu wani mataki tsakaninsa da kunamar bindiga. Harbin sama da ake yi domin tsoratarwa shi ma ba wasa ba ne, domin harsashin dole ya sauko, kuma ƙarar takan sa abokan aikinsa su ɗauka an buɗe musu wuta. Wanda ya tura shi haka ya riga ya yanke hukuncin abin da zai faru tun kafin a jefa dutsen farko.

Daga nan ne wasu ke cewa mafita ita ce a sayo kaya, a cika rumbuna da harsashin roba da motocin ruwa. Akwai gaskiya a ciki, musamman game da kayan kariya, domin jami'in da dutse ba zai fasa masa kai ba ya fi iya haƙuri. Amma abin da aka gani a Chile da Faransa da Kashmir shi ne, sabon makami ba ya maye gurbin bindiga kawai, yakan kuma maye gurbin magana, sai a riƙa harba shi a inda a da lallashi ake yi, tunda an ce ba ya kisa. Afirka ta Kudu tana da duk waɗannan kaya, amma ranar 16 ga Agusta, 2012, 'yan sandanta suka harbe masu haƙar ma'adinai 34 a Marikana, kuma kwamitin Farlam da ya yi bincike ya gano cewa shirin da aka yi cikin gaggawa da shawarar manyan jami'ai ne suka kai ga haka, ya kuma ba da shawarar a raba aikin kula da taron jama'a da bindigogi masu sarrafa kansu.

Abin da Marikana ta samu, duk da jinkiri da rashin hukunta masu laifi yadda ya kamata, shi ne bincike a bainar jama'a, inda aka kira kwamandoji suka amsa tambayoyi, aka kalli bidiyo, aka ƙirga harsasan da aka harba. Wannan ƙirga ba ta da tsada: rajistar ma'ajiyar makamai da ke nuna wanda ya karɓi harsashi nawa da safe ya kuma dawo da nawa da yamma, lambar jami'i a rubuce a hularsa inda kowa zai gani, littafin da ke nuna wanda ya ba da umarnin harba hayaƙi da ƙarfe nawa, da binciken likita a kan kowace gawa. A batun Agustan 2024, rundunar 'yan sandan Najeriya ce ta kafa kwamitin da ya binciki zargin da ake yi mata, a watan Disamba ta fito ta ƙaryata rahoton Amnesty, ta nemi ƙungiyar ta janye shi ta kuma ba da haƙuri. Amnesty ta tsaya a kan bakanta. Iyalan waɗanda aka binne a Kano da Suleja da Maiduguri suna da labarinsu, rundunar tana da nata, kuma hukumar da ake zargi ita ce ke riƙe da rajistar makaman da za ta iya raba gardamar.